Hasken Orora da Hazon Ajingi: Hoton da Gwaggona Ta Turo Mini

Daga Ajingi nake magana yau. Idan kun ji muryata ta ɗan shaƙe ku yi mini uzuri, hunturu ne ya fara aikinsa, leɓe duk ya tsage.

Bari in fara da abin da ya jawo wannan shiri. Kwanakin baya Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta turo wani hoto a gurup ɗinmu na gida a WhatsApp. Sama ce ta yi kore shar, gefe ɗaya kuma ta yi ja kamar garwashi, a ƙasa ga wani masallaci. An rubuta a jikin hoton wai daren jiya abin ya faru a sararin samaniyar Kano, wai alama ce ta tashin duniya, a tura wa mutum goma. Kafin in farka da asuba an riga an cika gurup ɗin da salati.

Na buɗe hoton na jawo shi kusa. Can bayan masallacin sai ga duwatsu, samansu fari fat da ƙanƙara. Na ce to, Dala da Goron Dutse dai tun da Allah ya kafa su ba su taɓa sa farar hula irin wannan ba. Na kira ta na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya, hoton nan fa ba a Kano aka ɗauke shi ba." Ta ce, "To ɗan boko, in ba a Kano ba ne, a ina ne? Kuma mene ne shi?" Wallahi sai na yi shiru, don ban da cikakkiyar amsa. Na san sunansa, amma ban san yadda zan yi mata bayani da Hausa ba. Shi ya sa na koma na yi karatu a kai, kuma amsar Gwaggo ce za ku ji yau.

Sunan wannan haske orora. Halittar Allah ce ta gaske, ba haɗin kwamfuta ba ne, ko da yake masallacin da ke cikin wancan hoton ina kyautata zaton liƙa shi aka yi. Asalinsa daga rana yake. Rana tana nesa da mu kimanin kilomita miliyan 150, haskenta yana iso mu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Amma ban da haske, rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, ba dare ba rana. Wani lokaci kuma sai ta yi aman su da yawa a lokaci guda, su yi tafiyar kwana ɗaya zuwa uku su iso duniyarmu.

To ita duniya Allah ya yi mata garkuwa. Kun san maganaɗisu, wanda muke wasa da shi muna yara yana jan ƙusa? Duniya gaba ɗayanta babban maganaɗisu ce. Shi ne yake kare mu daga waɗannan ƙwayoyi, yana karkatar da mafi yawansu, sauran kuma yana jan su zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya. Idan suka shigo ta can sai su yi karo da iskar da ke can sama, kilomita ɗari da wani abu daga ƙasa. Wannan karo shi ke ba da haske. Iskar oksijin tana ba da kore, idan kuma can sama sosai ne, fiye da kilomita 200, sai ta ba da ja. Naitirojin kuma tana ba da shuɗi da ruwan hoda. Shi ya sa ake ganin orora a ƙasashe irin su Norwe, Suwidin, Finlan, Aislan, Kanada da jihar Alaska ta Amurka.

Ga wani abu da ya burge ni, wanda shi na fara faɗa wa Gwaggo. Ba mu ne Musulmin farko da wannan haske ya tsorata ba. A shekarar 921 Halifa Muƙtadir na Bagadaza ya aika tawaga zuwa wurin sarkin Bulgar, a bakin kogin Volga, cikin ƙasar Rasha ta yanzu. A cikin tawagar akwai wani malami, Ahmad bin Fadlan, suka isa a shekarar 922. Ya rubuta cewa a darensa na farko a can ya ga sama ta yi ja ƙwarai, ya ga wani abu kamar gajimare na wuta, cikinsa kamar mutane da dawaki riƙe da makamai, runduna biyu suna kai wa juna hari. Shi da abokan tafiyarsa suka tsorata suka dinga addu'a, mutanen garin kuwa suna yi musu dariya don su sun saba gani. Masana da yawa a yau suna ganin orora ce ya gani. Sama da shekara dubu ke nan. Da na faɗa wa Gwaggo sai ta yi dariya ta ce, "Ashe ina da abokin tsoro, kuma malami."

Za ku tambaya, me ya sa hotunan orora suka cika intanet a 'yan shekarun nan? Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, ta yi sanyi ta kuma yi zafin rai. A 2024 ta kai ƙololuwar zafin ranta. A daren 10 zuwa 11 ga Mayu 2024 aka yi guguwar rana mafi ƙarfi tun ta Oktoban 2003. Hasken ya sauko kudu har aka gan shi a Florida, da arewacin Meziko, da Ladak a Indiya, da tsibiran Kanari da ke gefen Maroko. A Amurka manoma sun koka cewa na'urar GPS ta taraktocinsu ta rikice ana tsakiyar shuka. Irin wannan guguwa ce a Maris 1989 ta ɗauke wutar lardin Kwibek a Kanada ta tsawon awa tara. Su a wurinsu abin tarihi ne. Mu a nan ɗaukewar wuta ta awa tara ai ranar sa'a ce.

Shin za a iya ganinta a Ajingi ko Gaya? Maganar gaskiya, kada ku sa rai. Muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, ita kuwa orora gidanta yana wajen digiri 65 zuwa 70. Ƙari a kan haka, layin tsakiya na maganaɗisun duniya ta cikin Najeriya yake ratsawa, wato muna daga cikin waɗanda suka fi kowa nisa da ƙofar da ƙwayoyin nan suke shigowa. Ko guguwar Satumban 1859, wadda ake kira da sunan masanin taurari Richard Carrington, wadda ta sa wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi, zuwa wajen Kuba da makamantanta aka ba da labarin ganin hasken. Don haka duk wanda ya turo muku koriyar sama ya ce Wudil ce ko Dutse, ku tambaye shi: wa ya ɗauka, yaushe, a wace unguwa?

Yanzu bari mu zo kan masu ɗaukar hoton, don a nan ne na fara jin kunyar kaina. Mu muna ganin hoton cikin daƙiƙa biyu, mu danna alamar so, mu wuce. Ba mu san wahalar da ke bayansa ba. Orora sai cikin duhu ake ganinta, kuma dogon duhu a ƙasashen nan sai lokacin sanyi. A garin Tromso na Norwe, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam. A wurare irin su Yellowknife a Kanada da Fairbanks a Alaska sanyi yana kaiwa digiri 30 har 40 ƙasa da sifili. Firizar gidanku da ke daskarar da nama wajen 18 ƙasa da sifili take. Ku auna.

A irin wannan sanyi batirin kamara da zai yi yini guda yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Shi ya sa suke ɗaukar batir biyu ko uku, su ɓoye su a aljihun ciki, kusa da jiki, don ɗumin jikinsu ya riƙe cajin. Ƙarfen da ake dasa kamara a kai, mai ƙafa uku, idan ka taɓa shi da hannu tsirara fatarka tana iya mannewa. Idan ka yi numfashi kusa da gilashin kamara, tururin bakinka ya daskare a kai, hoto ya lalace. Idan kuma ka gama ka shiga ɗaki mai ɗumi kai tsaye, kamarar sai ta yi gumi ciki da waje, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi take yi a watan Afrilu. Dabararsu ita ce su sa ta cikin leda su ɗaure tun suna waje, su bar ta ta ɗumama a hankali. Bayan duk wannan, mutum yana iya tsayuwar awa biyar, gajimare ya rufe sama, ya koma gida hannu rabbana.

Akwai kuma wani sirri da ya kamata ku sani. Kamara tana ganin abin da ido ba ya gani. Idon ɗan Adam cikin duhu ba ya rarrabe launi sosai. Ita kuwa kamara ana barin idonta a buɗe na daƙiƙa biyar, goma, ko sha biyar, tana tara haske kaɗan kaɗan kamar mai tarar ruwan sama a bokiti. Shi ya sa mutane da yawa da suka je kallo suke cewa da ido wani farin hayaƙi suka gani, sai a waya ya fito kore. Hoton gaskiya ne, amma ya fi abin da mai ɗaukar ya gani haske. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a duk hoton da kuka gani a intanet.

To da na gama wannan karatu sai na tambayi kaina: mu fa? Muna da namu sanyin, muna da namu duhun. Abin da muke kuka da shi, wato rashin wuta, ya ba mu abin da mutanen Landan da Dubai suke biyan kuɗi su yi tafiya don su samu: sama mai duhu. Ka fita bayan garin Ajingi, ko ka nufi wajen Toranke ko Balare da dare, ka ɗaga kai. Ga Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, a watan Disamba tana kusan tsakar ka bayan isha. Ga Zara matar wata, ga Gamzaki da kakanninmu suke tashi da shi. Yawancinmu muna da hoton orora ta Norwe a waya, amma ba mu da hoton Kaza da 'Ya'yanta ko ɗaya.

Sai na ce bari in gwada. Darena na farko a banza ya tafi, kuma hazo ne ya kayar da ni. Wannan hazon da muke shaƙa shi ma baƙo ne daga nesa. Mafi yawansa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi ƙurar ta yo kudu maso yamma da ita. Masana suna lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, kuma wani ɓangare na ƙurar yana tsallake tekun Atlantika har dajin Amazon, ya zama taki a can. Ita ce take hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano wasu ranakun, ita ce kuma ta rufe mini taurari. Abin da gajimare yake yi wa mai ɗaukar orora, shi hazo yake yi mana.

Ga abin da na koya bayan dare huɗu, ga duk mai son gwadawa da wayarsa, ko Tecno ce, ko Infinix, ko Samsung, ko Redmi.

Na farko, ka zaɓi dare. Da yamma ka duba rana: idan ta zama fara kamar faranti har kana iya kallonta da ido, hazo ya yi yawa, ka kwanta abinka. Idan ta faɗi da ja mai kyau, akwai sa rai. Sannan ka duba kwanan watan Musulunci. Daga 26 zuwa 3 ga wata sama ta fi duhu, farin wata kuwa yana kashe ƙananan taurari. Kuma ka nufi tsakar sama da kamararka, don ƙurar ta fi kauri a gefe gefe.

Na biyu, waya ba za ta motsa ba ko kaɗan. Ni ba ni da ƙarfe mai ƙafa uku, bulo biyu na samu da wani tsohon buhu na jingina ta. Ka shiga kamara ka nemi inda aka rubuta Pro. Ka sa ISO tsakanin 800 da 1600. Inda aka rubuta S ka sa daƙiƙa 10 zuwa 20. Idan ka wuce haka taurarin za su fara jan layi, saboda duniya tana juyawa. Ka mayar da saitin gani zuwa mafi nisa, galibi akwai alamar dutse a wurin. Ka sa ta ɗauka bayan daƙiƙa uku da dannawa, don girgizar yatsanka ta lafa. In wayarka ba ta da Pro, ka gwada yanayin dare.

Na uku, basilin. Kada ku yi dariya, shi ya ɓata mini dare na biyu. Na shafa a hannu saboda kaushi, na taɓa gilashin kamara, duk tauraron da na ɗauka ya fito kamar an zuba masa koko. Kuma kada ka goge gilashin da bakin riga alhali akwai ƙura a kai, kana kankare shi ne. Ka hure tukuna, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi.

Na huɗu, lafiyarka da tsaronka. Sanyinmu bai kai nasu ba, a Janairu da asuba yakan sauka wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka, amma mu ba mu da irin rigunansu. Ka rufe ƙirji da kunne, ka sa takunkumi, musamman in kana da asma. Kada ka fita kai kaɗai, kuma ka sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri. Mutum tsugune a bayan gari ƙarfe ɗayan dare da waya a kan bulo, ka san ba hoton taurari ne zai fara zuwa ran wanda ya gan shi ba. Idan kuna son dare na musamman, ku riƙe 13 da 14 ga Disamba. Duk shekara a daren nan ana samun yawaitar taurarin nan masu gudu da muke cewa tauraro ya faɗi, kuma ana ganinsu daga nan in sama ta washe.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi mini nauyi, kuma saboda shi na ce sai na yi wannan shiri. A dare na huɗu ina dawowa, wajen ƙarfe biyar saura, na bi ta gefen wata tsangaya. Almajirai sun hura wuta sun kewaye ta da allunansu, hayaƙi yana tashi yana haɗuwa da hazo, hasken wutar yana dukan fuskokinsu. Akwai wani ƙarami, bai fi shekara bakwai ba, ya cusa hannayensa biyu cikin 'yar rigarsa, ƙafa ba takalmi. Na ɗauka. Wallahi shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka. Na sa shi a Facebook da dogon rubutu kan halin da yara suke ciki a hunturu. Aka yi ta yabo, aka yi ta turawa.

Bayan kwana uku malamin tsangayar ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, ga ni." Bai ɗaga murya ba. Ya ce hoton ya kai ƙauyen su yaron, an nuna wa mahaifiyarsa, kwana biyu ba ta ci abinci ba, mahaifin kuma ana yi masa gori a majalisa. Sannan ya ce, "Malam, da ka tsaya ka yi sallama, da ka ji sunansa. Kuma mutum nawa suka ga hoton nan? Ko riga ɗaya ba ta zo ba."

Ban da abin cewa. Na ba shi haƙuri, na goge hoton a gabansa, ko da yake na san abin da ya shiga intanet ya shiga. Har gobe ina kan ra'ayina cewa yaro ɗan shekara bakwai bai kamata ya kwana a waje cikin wannan ɗari ba, kuma na faɗa wa Malam haka cikin ladabi, ya kuma saurare ni. Amma hanyar da na bi ba daidai ba ce. Tauraro ba ya jin kunya, ba shi da uwa a ƙauye. Yaro yana da ita. Mu masu kiran kanmu 'yan gwagwarmaya mun fi kowa faɗawa wannan rami, mu ɗauki talaucin wani mu ƙawata shafinmu da shi.

Da na koma gida na yi wa abokaina biyar magana, muka bi gidajenmu muka tattaro tsofaffin rigunan sanyi, da huluna, da barguna biyu, muka kai da daddare ba tare da kamara ba. Ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma bai wanke laifina ba. Amma na san sunan yaron yanzu, kuma ba zan faɗa muku ba.

Don haka ga roƙona a hunturun bana. Ku fita ku ɗauki samanmu: Kaza da 'Ya'yanta a kan bishiyar kuka, jinjirin wata a kan rumbu, rana cikin hazo a hanyar Gaya. Ku rubuta gari da kwanan wata a ƙarƙashin kowane hoto, kuma in kun gyara launi ku faɗa. In akwai fuskar mutum a ciki ku nemi izini, in yaro ne ku nemi izinin wanda yake hannunsa. Kuma kafin ku tura duk wani hoto mai cewa a tura wa mutum goma, ku jawo shi kusa ku duba ko akwai ƙanƙara a bayan masallacin.

Na tura wa Gwaggo hoton Kaza da 'Ya'yanta da na ɗauka a kan bulo. Ta ce ai wannan ta san ta tun tana yarinya, kakarta ce ta nuna mata a tsakar gida, har ta ƙirga mini 'ya'yan ta ce ɗaya bai fito sosai ba. Ta ce in sake ɗauka. In Allah ya kai mu ƙarshen wata, hazo kuma ya yi mana sauƙi, zan sake fita.

Ku ajiye mana hotunanku da tambayoyinku a ƙasa, za mu karanta wasu a shiri na gaba. A kula da wutar jin ɗumi a ɗaki, a kashe ta kafin a kwanta. Allah ya ba mu lafiya, ya rufa mana asiri. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum warahmatullah.